Ina son karatu amma talkhis (taƙaita labari) na fitar min da littafi daga rai, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 13, ina aji biyu mutawassit (ƙaramar sakandare) a nan Makka. Wallahi ina son littattafan labarai, amma da zarar abla (malamarmu) ta ba mu wajib (aikin gida) ta ce a rubuto talkhis da ra'ayi sai in ji littafin ya fita raina, in zauna gaban daftar (littafin rubutu) ban san ta ina zan fara ba. A gida Hausa muke yi, da ƙawaye Larabcin hara (na unguwa), rubutu kuma dole fusha (daidaitaccen Larabci). Wasu a ajinmu ChatGPT ke rubuta musu kuma suna fi na maki. Sannan laifi ne in rubuta cewa littafi bai min daɗi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya miki albarka ya ƙara miki son karatun nan.

Bari in fara da ta ƙarshen. Ba laifi ba ne ko kaɗan. Mu da muke gyara daftarorin nan, abin da ya fi gajiyar da mu shi ne "littafi ne mai kyau, na amfana da shi ƙwarai, ina ba ƙawayena shawara su karanta", don wannan maganar za ki iya ɗora ta kan kowane littafi a duniya, har wanda ba ki taɓa buɗewa ba. Amma a ce labarin wani yaro ne da ya ɓoye wa babansa ya faɗi jarabawa, sai ki rubuta "ƙarshen bai gamsar da ni ba, saboda tun farko an nuna mana uban mai zafi ne, sai ga shi a shafi ɗaya ya yafe ba a nuna abin da ya sauya shi ba", toh nan na san kin karanta kuma kin yi tunani. Sharaɗin kawai ki kawo dalili daga cikin littafin, kuma ki faɗa da ladabi.

Abin da ke daskarar da ke gaban daftar kuwa, a ganina aiki uku kike haɗawa lokaci guda, kina ƙoƙarin tuna labarin, kina neman abin da za ki ce a kansa, kuma kina fargabar kuskuren nahawu, ko babba aka ɗora wa haka sai alƙalami ya tsaya masa. Raba su za ki yi.

Tun kina cikin karatun ki sa 'yar takarda a littafin (in na maktabar makaranta ne dan Allah kar ki yi rubutu a jikinsa). Duk inda kika ji haushi, ko dariya ta kama ki, ko kika ce anya haka zai yiwu, ki rubuta lambar shafin da kalma biyu uku da duk yaren da ya zo miki. Wuri uku ma ya isa. Yawancin ɗalibai sai sun rufe littafi, an kwana an tashi, wajib ya rage gobe, sannan su fara lalube, lokacin kuwa zafin abin ya huce.

Sai ki zo kan Hausar da kike gani kamar ita ce cikas. Ni a wurina babbar dama ce kike da ita. Kafin ki taɓa alƙalami ki samu Umma ko kaka ko ƙaninki ki ba su labarin da Hausa, kamar yadda ake ba da tatsuniya, minti biyu zuwa uku, in da hali ki ɗauki muryarki a jawwal (waya). Mai sauraro ba zai bar ki ki yi ta zagaye-zagaye ba, dole ki faɗi waye, me yake so, me ya tare masa hanya, ina aka kwana, kinga talkhis ɗinki ya fito kenan, jumla biyar ko shida. Kuma ki kasa kunne ga tambayoyinsu, in kaka ta katse ki ta ce "to shi me ya hana shi faɗa wa uwarsa?" ki riƙe wannan da kyau, sau da yawa a nan ra'ayinki yake kwance ba ki lura ba. Wanda bai iya ba da labari da baki ba da wuya ya iya rubuta shi, ko da wane yare ne.

Daga nan ki yi rubutun farko yadda ya zo, ko da gauraye ne, ba wanda zai gani. A na biyu ne za ki maida shi fusha, kuma a nan ki kula da wuraren da masu Hausa a baki suka fi zamewa. Namiji da tamata ba kullum suke daidai ba, ƙofa mace ce a wurinmu amma bab namiji ne, hannu da ido maza ne amma yad da ain mata ne. Musanna, wato sigar abu biyu, babu shi a Hausa shi ya sa ake mantawa da shi, sannan jam'in abin da ba mutum ba, irin su littattafai da motoci, Larabci na ɗaukarsa kamar mace ɗaya. Ki karanta da ƙarfi a ƙarshe, kunne na kama abin da ido ya tsallake, hamza da ta marbuta kuma ki bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya muku a littafinku na Larabci, Lugati al-Khalida.

Zancen ChatGPT, na san akwai ciwo ki sha wahala wata ta fi ki maki. Amma ki sani yana iya ƙirƙiro abin da babu shi a littafin ya rubuta shi da Larabci mai santsi, kuma tambaya ɗaya abla za ta yi wa yarinya a tsaye a gane ba ta karanta ba, ranar ikhtibar (jarabawa) ma ba jawwal a hannun kowa. In ablarku ta yarda, ki gama naki da kanki tukun sannan ki ba shi ya nuna miki kuskuren imla'i (ƙa'idar rubutu), kar ki bar shi ya sauya miki magana.

Don kar karatu ya koma miki wajib zalla, kullum ki ajiye littafi ɗaya da ba wanda zai tambaye ki komai a kansa, ki karanta shi don daɗi kawai, in bai miki ba ki ajiye ki ɗau wani.

Tunda kina son karatu, ki duba gasar karatu ta Tahaddi al-Qira'a al-Arabi da aka faro daga Dubai a 2015, makarantun Saudiyya na shiga. Littafi 50 ake karantawa, a taƙaita su a ƙananan daftarori biyar da suke kira jawaz, kowanne littafi 10, kuma filin rubutun ɗan kaɗan ne don haka dole ki koyi tsamo abin da ya fi muhimmanci. Alƙalan kuma da baki suke tattaunawa da ɗalibi kan abin da ya karanta, wanda aka rubuta wa ba ya nisa. A 2019 wata yarinya 'yar Sudan ce ta lashe ta. Ki tambayi ablar da ke kula da maktabarku ko makarantarku ta yi rijista bana, in sun yi ki karɓi jawaz na farko ki fara da littattafan da kika riga kika ƙaunata.