Tambaya da Amsa: Esi ya daina sanyi, gas ne ko bawul ɗin TXV?

Yawanci waya da kwamfuta muke dubawa a wannan fili, amma da zafin Afrilu ya haura digiri 40 a Kebbi da Zamfara, tambayoyin esi sun yi yawa, don haka yau su za mu taɓa.

Tambaya: Malam, ina kula da wani zauren taro a Birnin Kebbi mai babban esi na gas ɗin R22. Sanyinsa ya ragu, an ƙara gas sau biyu ba canji. Yanzu mai gyara ya ce bawul ɗin TXV ne ya mutu. In saya?

Amsa: Alhaji, dakata da sayen tukuna. Aikin wannan bawul na TXV shi ne daidaita yawan ruwan gas ɗin da ke shiga kwayil mai sanyi, wato lanƙwasasshen bututun da ke sanyaya iskar ɗaki. Yana da 'yar kwalba da ake ɗaurewa a jikin bututun da ke mayar da gas zuwa kwamfaresa. Idan bututun ya yi ɗumi, gas ɗin cikin kwalbar ya kumbura, ya danna wani faifai, allura ta ƙara buɗewa. Daga ƙasa kuma sifirin da matsin cikin kwayil suna turawa don su rufe. Da wannan ja-in-ja ne bawul ke tabbatar da cewa ruwan gas ya gama zama tururi kafin ya isa kwamfaresa, domin kwamfaresa ba ya matsa ruwa.

Geji, wato ma'aunin matsin gas, shi kaɗai ba zai gaya maka laifin waye ba, sai an haɗa da ma'aunin zafi. A bar esi ya yi aiki minti 15. A R22, idan gejin ɓangaren ƙasa ya nuna 69 psi, gas na tafasa a kusan digiri 4.5. Sai a manna ma'aunin zafi a bututun kusa da kwalbar. In ya nuna 11, bambancin 6.5 ne, lafiya ke nan, domin ana son wannan rarar zafi tsakanin digiri 5 zuwa 7. In ta kai 14 ko fiye, kwayil na jin yunwa.

To, yunwar daga ina? A koma siririn bututun da ke fitowa daga kondensa, wato kwayil ɗin waje mai fitar da zafi, a auna zafinsa, a cire shi daga zafin da ya dace da matsin da gejin sama (na babban matsi) ke nunawa; bambancin shi ne rarar sanyi. Idan rarar sanyin ta kusa sifili, gas ne ya gaza, akwai yoyo, a neme shi da kumfar sabulu. Idan kuwa ta kai digiri 6 zuwa 8 ko ta wuce, gas na nan, hanya ce ta toshe. Tunda an ɗura sau biyu, na fi zargin wannan, kuma ƙarin gas ɗin wahala kawai yake ƙara wa kwamfaresa. Ko a nan ma a fara taɓa diraya, wato matatar da ke tsane danshi da datti a layin gas: in bakinta na fita ya fi na shiga sanyi, ita ce ta cushe, ba bawul ba. Daga nan a kwance kwalbar a damƙe ta a tafin hannu minti ɗaya ko biyu. Gejin ƙasa ya kamata ya tashi. In bai motsa ba, to kwalbar ta zubar da gas ɗinta ko allura ta maƙale, sai canji.

Kafin duk wannan, a wanke matatar iska da kondensa. Ƙurar hunturun da ta wuce kaɗai tana iya rikita awon.

Tambaya: Maigida, ni yaron shago ne a Gusau. Na canza bawul, yanzu geji sai hawa da sauka yake, kwamfaresa kuma na zufa har da ƙanƙara.

Amsa: Ɗan'uwa, ruwan gas ne ke komawa kwamfaresa, ka kashe shi kafin ya wanke man ciki. Duba kwalbar da farko. A kwantaccen bututu ake ɗaure ta, dab da fitowar kwayil, a goge wurin tas, a matse da maɗaurin ƙarfen da ya zo da ita, ba da salatif ko igiyar roba ba, sannan a naɗe ta da abin rufe bututu. In ta yi sako-sako, zafin ɗaki take ji, sai ta buɗe bawul ya yi ta zuba. Kada ka sa ta a ƙarƙashin bututu, can mai ke kwanciya. A ƙaramin bututu a sama ko ɗan gefe. A babba, wajen ƙarfe 4 ko 8 na fuskar agogo.

Sannan karanta jikin bawul ɗin. Na gas ɗin R22 ba ya aiki a na R410A, kuma wanda ya fi ƙarfin injin girma shi ma yana sa geji rawa. Ka naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma lokacin walda? In ba ka yi ba, wuta na iya lalata shi. Sukurun saiti shi ne na ƙarshe: juya shi yadda agogo ke tafiya na rage zubar gas, amma kwata ɗaya kawai, ka jira minti 15, ka sake aunawa.

Tambaya: Ɗakin sanyin kifinmu a Yauri yana aiki da safe, can ya tsaya. In an kashe an kunna sai ya dawo.

Amsa: Danshi ne a cikin layi, yana daskarewa a bakin allura. Ɗora tsumma mai ruwan ɗumi a bawul. In sanyi ya dawo, an kama ɓarawon. A canza diraya, a zuƙe iskar cikin layi da injin zuƙo har ma'auninsa ya sauko mikron 500, sannan a ɗura gas.

Wata Hajiya daga Talata Mafara ta tambaya ko ƙaramin esin ɗakinta na da wannan bawul. Da wuya, Hajiya. Irinsu galibi siririn bututun kafilari gare su, masu inbata da yawa kuma bawul na lantarki. In irin mai ɗumama ɗaki da hunturu ne, akwai wani bawul daban mai baki huɗu da ke juya hanyar gas, shi za a duba idan ya ƙi sauyawa daga sanyi zuwa ɗumi.