Amsa ga Yarona a Kan Wayar Hasumiya da Ta Saki

Ka tambaye ni ko ya wadatar mutum ya murɗa ƙarfen ɗauri har waya ta yi tauri, idan ya iske ɗaya daga cikin wayoyin da ke riƙe da hasumiyar eriya ta saki. Bai wadatar ba, kuma duk wanda ya koya maka haka bai taɓa tsayawa a gaban maƙwabcin da aka rushe wa katanga ba. Waya ba ta saki haka siddan. Ko dai maƙalan da suka riƙe bakinta sun zame, ko turken ya fara tasowa daga ƙasa, ko hasumiyar ce ta karkata, kuma sai ka gano wanne ne kafin ka ɗauki sifana.

Akwai wani dattijo mai sha'awar rediyon magana da nesa, irin waɗanda ke kwana suna kiran takwarorinsu na Turai da Amurka. Yana da hasumiya mai ƙafafu uku, gaɓa shida, kowace gaɓa tsawonta ƙafa 10, da babbar eriya mai juyawa a samanta. Ya kira ni ana gab da damina saboda waya ɗaya ta gabas ta saki. Ban hau ba. Na sa aka tone gindin turken, daidai inda rodin ya shiga kankare, domin a nan danshi yake kwana, kuma a nan ido ba ya kaiwa. Abin da ke sama yana sheƙi da fenti, amma da na kankare ƙasar da tsatsar, sai ga rodin ya koma kaurin fensir, yana ɓarewa a hannuna. Na kira shi ya tsuguna ya gani da idonsa. Na ce a sake turaku ukun, a zuba sabon kankare, a jira ya yi ƙarfi kafin a ɗora masa nauyi, kuma kada kowa ya hau.

Ya amince, muka yi ciniki, ya ba ni kafin alƙalami wanda bai kai kuɗin kaya ba, na cika daga aljihuna na sayo rodi mai rufin tutiya da sababbin maƙalai. Da na dawo, sai mai gadi ya ce Alhaji ya yi tafiya. Ashe ya samo wani yaro mai walda da ya ce masa ni ɗin kuɗi nake nema, yaron ya mayar da ƙasar ramin, ya murɗa ƙarfen har wayar tana ƙara, ya shafa fenti. Hadarin farko na shekarar ya taso daga gabas kamar yadda ya saba, rodin ya tsinke, hasumiyar ta kwanta a kan katangar maƙwabci da rufin ɗakin girkinsa. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da maƙwabcin ya kai ƙara wurin mai unguwa, dattijon nan ya ce ni ne na duba hasumiyar na ƙarshe. Bai biya ni kayan ba, kuma na rasa ayyuka a unguwar saboda maganar da ya yaɗa. Tun daga lokacin ba na barin wuri sai na rubuta abin da na gani, mai hasumiya ya sa hannu.

Yaron da ya yi wannan aikin irinku ne na yanzu, masu kallon bidiyo a waya su ɗauka sun iya. Kuna tsammani tauri shi ne ƙarfi. Duk murɗin da ka ƙara yana jan turke sama, yana kuma danna ƙafafun hasumiya ƙasa. Ƙa'ida ita ce a ja waya kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin da zai tsinka ta. Wayar ƙarfe mai ƙarfi mai kaurin inci 3/16 tana tsinkewa a wajen kilo 1,800, don haka kilo 180 ake nema, kuma da ma'auni ake gane shi, ba da bugun hannu ba. Ragowar ƙarfin an bar shi ne don iska, wadda idan gudunta ya ninka sau biyu, turin da take yi yana ninkawa sau huɗu.

Ba zan ɓata lokaci a kan giris da goge tsatsa ba, wanda bai san su ba bai kamata ya shigo shagona ba. Ka duba maƙalan: lanƙwasasshen ƙarfen yana zama a kan guntun bakin waya, sirdin kuma, wato ɗaya ɓarin maƙalin da ake ɗaure masa noti, a kan dogon ɓangaren da ke ɗauke da nauyi, ni kuwa ba na sa ƙasa da guda uku. Ka auna nisan turke daga gindi, wanda ya kamata ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon hasumiyar, wato ƙafa 48 ga mai ƙafa 60. Ka ƙwanƙwasa ƙafafun daga ƙasa da guduma, domin bututu ne, kuma idan ruwa bai sami mafita ba daga ciki yake cinye su. Idan ka ga an ɗaura wayar tagulla kai tsaye a jikin ƙarfe mai tutiya, ka raba su da maƙalin da aka yi don haka, tagulla tana cin tutiya a wurin da ke jiƙewa.

Idan duk waɗannan lafiya suke, sai ka ɗaura wata waya ta wucin gadi a wani turke mai ƙarfi kafin ka sassauta komai. Ka riƙa murɗa ɓangarorin uku kaɗan-kaɗan bi da bi, da safe kafin iska ta tashi, wani yana tsaye nesa da igiya mai dalma yana duba miƙewar hasumiyar ta fuska biyu. In ka gama, ka zura waya ta cikin ƙarafan ɗaurin ka ƙulle su don kada girgiza ta warware su, sannan ka kira ni in gani kafin ka sa ƙafa a matakalar farko.