Amsa ga Alhaji kan saƙonnin tallar da ba su shiga ba

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Alhaji, na saurari muryarka tun ɗazu, ina kan babur ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce ka biya kuɗin tura tallar kayan Sallah ta SMS zuwa lambobi dubu uku, rahoto ya dawo kusan rabi ba su shiga ba, kana tambayar wane kamfani za ka koma. To, ranka ya daɗe, ko ina ka koma haka za ka tarar. Ni tambayata ita ce, lambobin nan a ina ka samo su? Masu su sun ce ka turo musu?

Tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442, ta tsarin DND, wato hana saƙonnin talla shiga waya. Mutum ya rubuta STOP ya tura wa lambar, shi ke nan ya garƙame ƙofa, ko MTN yake ko Airtel ko Glo, talla ba za ta shiga wayarsa ba. Na san za ka ce ai alat na banki yana shiga. Eh, wannan hanyarsa daban, ta alat ce da lambar sirri ta OTP. In wani yaro ya ce zai bi da tallar shaddarka ta can, kada ka yarda, sunan shagonka za a rufe.

Ni fa abin nan ya taɓa cina. Shekarun baya wani ya zo har shago da filash a hannu, wai lambobin matan Kano ne zalla, masu sayen atamfa da leshi. Na ƙirga kuɗi na ba shi, ko ragi ban nema ba. Muka tura. Wallahi washegari ko karyawa ban yi ba wani dattijo ya kira, ya ce yaro, wa ya ba ka lambata, ni na yi maka kama da mai ɗaura leshi? Ashe daga Yola ma yake magana. Wata kuma ta ce za ta kira 622, layin ƙorafi na NCC, ta kai ƙarata. Ko yadi ɗaya ban sayar ta dalilin saƙon nan ba. Mai filash kuwa har yau in muka haɗu a masallacin Juma'a sai ya kama duba agogo. Kuma kuɗin ba shi ya fi ƙona min rai ba, a'a, rantsuwar da ya yi ta yi... to, a bar wannan.

Tun daga nan na ajiye littafi a kan kanta. In mutum ya gama ciniki sai yaron shago ya ce, Hajiya, in sabon kaya ya sauka mu sanar da ke? In ta ce eh, ta rubuta lambarta da hannunta, a sa kwanan wata. Ba su da yawa, amma su ne ke kira su ce a ajiye musu turmi biyu.

Af, bari in gyara, kada in ruɗe ku. Littafin nan ba ya buɗe 2442. In ta riga ta tura STOP, ko ta yarda da kai saƙonka ba zai shiga ba, sai ta tura ALLOW da kanta. Ko ta tura HELP a jero mata rukuni-rukuni, banki, ilimi, lafiya, wasanni, addini, kayan masarufi, ta zaɓi wanda take so. Irin waɗannan ni WhatsApp kawai nake bin su, da izininsu. Kuma akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, sayen lambobin jama'a yanzu jawo wa kai magana ne. Wanda ya ce ka daina turo masa, goge shi a ranar, ban da jayayya.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Guda ɗaya ya shiga saƙonka, shafin da ke ɗaukar harafi 160 ya koma 70, kuɗinka ya ninka. Amma ba ita ka tambaya ba, wata rana ma yi ta.

Alhaji, ka turo min rahoton nan ta gefe, mu ware waɗanda aka rubuta wa DND tukuna kafin ka sake zuba ko kwabo.