Baba Ya Fara Mantuwa: Maganin Kemis, Hoton Ƙwaƙwalwa, Ko Me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya haura shekara 70, tsohon malamin makaranta ne a Tudun Wada. Tun bara yake mantuwa: ya yi tambaya a ba shi amsa, an jima kaɗan ya sake yin ta. Ran nan ya fita la'asar ya kasa gane hanyar gida, sai yara ne suka rako shi. Mai kemis ya nuna min kwalbar Ginkgo da ta man kifi, ya ce suna buɗe ƙwaƙwalwa. Da tsada, amma zan daure. In saya? — Babbar 'yarsa

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya yi miki albarka. Kada ki saya.

Ginkgo, maganin da ake yi da ganyen wata bishiya, an gwada shi gwaji mai kyau. A Amurka an ɗauki tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, aka ba rabinsu miligiram 240 kullum, rabi kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, aka bi su kimanin shekara shida. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna masu shan sa sun kamu da gigin tsufa daidai da waɗanda ba su sha ba. Ga shi kuma yana iya tsinka jini, abin tsoro ga mai shan asfirin. Man kifi na kwalba shi ma bai nuna yana dawo da tunanin da ya fara gushewa ba. Lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kwalabe kuwa ba shaida ba ce cewa suna yin aikin da ake tallatawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ɓatan hanyar masallaci. Mu kan ce "ai tsufa ne", mu rufe zancen. Amma binciken da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a nan Zariya, aka buga a 2011, ya sami gigin tsufa a jikin kusan mutum 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Ashe mafi yawan dattawanmu da hankalinsu garas suke tsufa. Manta inda aka ajiye carbi ba komai ba ne. Ɓata a layin da mutum ya shekara talatin yana bi ciwo ne, likita yake buƙata.

Ki kai shi asibitin koyarwa na Shika, ki tafi da wanda yake wuni da shi, domin shi zai ba da labari daidai. Ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda ake sayo masa don barci. Piriton da Valium suna dagula tunanin tsoho ƙwarai, kuma kada a tsayar da Valium farat ɗaya ba da sanin likita ba. Za a iya auna masa suga, da aikin ƙululun wuya (thyroid), da sinadarin B12, wanda kan yi ƙasa a jikin mai shan maganin suga na metformin shekara da shekaru. Waɗannan duk ana gyara su. In kuma ta tabbata cutar Alzheimer ce, wato wani nau'in gigin tsufa, akwai magani irin su donepezil da kan sassauta alamun na wani lokaci, ba ya warkarwa. Duk wanda ya ce miki yana da mai warkarwa, kuɗinki yake so.

Kuɗin kwalaben nan, ki sayi na'urar awon hawan jini, wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta tsintsiyar hannu ba. Ki ware littafi kina rubuta awon safe da yamma. Hawan jini yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da ciwon kai ba, kuma wani babban gwaji da aka buga a 2019 ya nuna sauko da shi sosai ya rage matakin farko na raunin tunani da kashi 19 cikin 100. Iya inda za a sauko da na Baba, likitansa zai faɗa. A duba masa kunne da ido: kwamitin masana na mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa masu hannu a kusan kashi 45 na gigin tsufa, kurumta da raunin gani suna ciki. Kuma don Allah kada ku kulle shi a ɗaki saboda tsoron ɓata. A haɗa shi da jika su riƙa zuwa masallaci da majalisa a ƙafa.

Tambaya: Tunda mahaifinmu ya rasu, wata takwas ke nan, Inna ta canja. Ta fita takaba amma ba ta cin abinci, ba ta barci, ta daina zuwa Islamiyya, komai aka tambaye ta sai ta ce "ban sani ba, kaina ya lalace". Yayana ya ce mu haɗa kuɗi a yi mata hoton ƙwaƙwalwa. Ya dace? — Daga Sabon Gari

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, Malam. Ku riƙe kuɗin tukuna. Abin da ka zayyana ya fi kama da ciwon damuwa, shi kuwa hoto ba ya nuna shi. Da hira da tambayoyi likitan ƙwaƙwalwa yake gano shi.

Damuwa mai tsanani tana cinye natsuwa, abin da bai shiga kai da kyau ba kuwa ba a tuna shi. Ka lura da abu ɗaya: mai damuwa ita da kanta take kukan mantuwarta, kamar yadda Inna ke yi, amma mai gigin tsufa sau da yawa musantawa yake, ko ya rufe da wasa. Wannan alama ce kawai, ba hukunci ba, domin wani lokaci biyun kan zo tare. Shi ya sa ko ta samu sauƙi za a ci gaba da bibiya.

Ganin likitan ƙwaƙwalwa a Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna ba ya nufin Inna ta zare, kuma bai hana addu'a ba. In an ba ta magani, yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa sosai. A nan iyalai da yawa suke sarewa su watsar. In kun ji tana cewa ta gaji da duniya, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta ranar. Hoto yana zama dole idan ta faɗi ta bugi kai, ko ruɗewar ta zo cikin kwana ɗaya biyu, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya saki. Wannan na gaggawa ne, ko cikin dare.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Samaru, jarrabawa ta matso. Akwai ƙwayar ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa da zan saya?

Amsa: Babu, ƙanwata, kuma ki nisanci duk mai miƙo miki tramadol da sunan karatun dare. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da kika karanta, don haka kwanan aji asara ce. Ki yi yadda mahaddata suke yi: ki karanta, ki rufe littafin, ki kawo da ka, gobe da jibi ki sake tilawa. Ki ba kanki barcin awa bakwai. In kina yawan jin kasala da jiri, ki je asibitin makaranta a auna miki jini.