Mu Killace Kurmin Garinmu Ko Mu Bar Shi A Buɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A bayan garinmu, a Jihar Jigawa, akwai kurmi mai tafki a tsakiyarsa. Masu gawayi sun sare manyan itatuwan, yanzu kuma ana raɗe-raɗin za a yanka gefensa filaye. Mu matasa mun kafa ƙungiyar sa-kai don mu kare shi, aka ɗora mini shugabanci. Wasunmu sun ce a kewaye shi da waya a hana kowa shiga. Wasu sun ce a nan mata ke ɗiban itace, makiyaya ke shayar da dabbobi, yara ke wasa. Ina zan sa gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya taya ka riƙo. Shawarata ita ce kada ku sayi wayar nan. Ranar da kuka hana mata itacen girki, kuka tare wa makiyayi mashaya, ranar kuka mayar da rabin gari abokan gaba, ku kuma ba ku da albashi balle mai gadin dare.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ganin wannan. Shekaru da dama dokar daji a can ta ɗauki itatuwa a matsayin mallakar gwamnati, har wanda ya tsiro a gonar mutum. Za a iya cin manomi tara don ya sare reshe a gonarsa. Abin da ya biyo baya shi ne, duk tohon da ya fito lokacin sassabe sai a sare shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo malamin daji. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Daga nan aka fara abin da manoma ke kira sassabin zamani: ka je gindin kututturen sabara ko kalgo, ka tarar da toho barkatai, ka zaɓi 'yan kaɗan mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran, ka rage wa waɗanda ka bari rassan ƙasa. Shi ke nan. Ba dashe, ba ban ruwa.

Amma ga wurin da nake so ka tsaya. A yunwar 1984 an riƙa ba mutane abinci don su bar itatuwa a gonakinsu, da tallafin ya ƙare sai da yawa suka sare su. Abin bai kama ƙasa ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, zai yi makamashi da shi, ya ciyar da awaki da 'ya'yan gawo, ya sayar da ragowar. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 da suka sake yin kore, da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agiye, kwamitin sa ido ya haɗa manoma da mata da makiyaya, su suka tsara ƙa'ida, su ke sintiri. Wanda aka zauna da shi aka yanke doka ba ya saurin karya ta.

To kai ma aikinka na farko ba sintiri ba ne, zama ne. Ka fara da dagaci, don kurmi irin wannan yana da tarihi, wataƙila akwai gidan da ke ganin na kakanninsa ne. Ka je wurin arɗo da kanka, kada ka aika. Ka nemi matan da ke ɗiban itace su zaɓi wakiliyarsu. Har masu gawayin a kira su. Na san matasanka ba za su so ba, amma su suka fi kowa sanin wane itace ke sake toho da wanda in an sare ya tafi ke nan. Ƙa'idar ta zama gajera yadda kowa zai haddace: busasshen itace a ɗiba, ɗanye ba a taɓawa sai da izini, burtali zuwa tafki a bar shi buɗe, wani sashe a huta masa daminar bana, wani baɗi. Liman ya sanar a masallaci, sanƙira ya zaga gari.

Maganar yanka filaye kuwa ita ce babbar barazana, kuma waya ba ta maganinta, takarda ke yi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Ku yi wa ƙungiya rajista, ku zaga iyakar kurmin tare da dattawa, a kafa alamu, a auna, sannan ku kai buƙata a rubuce ga ƙaramar hukuma da sashen gandun daji, da sa hannun dagaci da hakimi, cewa wurin na amfanin jama'a ne. Ku ajiye kwafi a hannu fiye da ɗaya.

Kuɗi ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da gatari. Kada ƙungiyarku ta ci wa kowa tara da kanta, ba ku da wannan hurumi. Wanda aka kama a kai shi gaban dagaci ko malamin daji. Karo-karon da kuka tara kuma kada ya kwana a aljihunka. A naɗa ma'aji daban, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, a kuma rubuta wa'adin shugabanci tun yanzu da ba a fara rigima a kansa ba.