Kantar kicin a gidan haya: yadda za ki ƙawata ta ba tare da kin taɓa bango ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tare a wani gidan haya da kicin ɗinsa ke haɗe da falo, wata doguwar kanta ce ta raba su, irin wadda ake jera wa kujeru masu tsayi a zauna a ci abinci. Komai na wurin fari ne fat, ba shi da armashi ko kaɗan. Takardar haya ta hana yin fenti da huda bango. Na sayo kayan ado na jera a kai, sai wurin ya ƙara cunkushewa. Me zan yi ya fito da kyau, ya kuma nuna cewa nawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da zan fara roƙon ki shi ne ki kwashe duk abin da kika jera a kan kantar nan, ki bar ta haka na kwana biyu. Saman kanta wurin aiki ne, a nan ake ajiye faranti, a nan ake dafa gwiwar hannu. Duk adon da ya zauna a wurin yana cin fili, kuma maiƙon girki da ƙura suna sauka a kansa. Kyan wannan wuri yana fitowa ne daga kujerun, da hasken da ke saukowa a kansa, da fuskar kantar da ke kallon falo. Dukansu kuwa abubuwa ne da za ki iya tafiya da su ranar da za ki tashi.

Ki fara da kujeru, domin su ido ke fara gani daga falo. Kafin ki sayi ko ɗaya, ki ɗauki tef ki auna daga ƙasa zuwa ƙarƙashin kantar. Yawancin kantoci iri biyu ne: mai tsayin kusan santimita 90, daidai da wurin yanke-yanken kicin, da mai tsayin kusan 105. Ta farko tana son kujerar da mazauninta ya kai santimita 60 zuwa 65, ta biyu kuma kusan 75. Abin da ake nema shi ne tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin mazauni da ƙasan kanta, don cinya ta shige ba takura. Na sha ganin an sayi kujeru masu kyau ƙwarai, amma da an zauna sai gwiwa ta tokare, ƙarshe su koma ado kawai ba mai hawa. Ki ba kowane mutum faɗin santimita 60. Idan kantar mita ɗaya da rabi ce, kujera biyu sun isa, ta uku matsi za ta kawo. A nan ne ya kamata launin da ranki ke so ya fito. Tunda komai fari ne, katako mai duhu, ko saƙa, ko yadi mai launi mai ƙarfi zai tashi sosai. Ki zaɓi mai wurin ɗora ƙafa, ki kuma manna ɗan ƙyalle mai kauri a ƙasan ƙafafunta don kada ta karce daɓen mai gida.

Sai haske, wanda mutane suka fi rainawa alhali shi ne mafi sauƙin gyara. Ki duba ƙwan fitilar da ke wurin. Idan an rubuta 6500K a jikinsa, shi ne ke sa farin bangon ya yi sanyi kamar na asibiti. Ki canza shi da mai 2700K ko 3000K, hasken zai koma ruwan ɗorawa mai taushi, kuma za ki ga bambanci a daren farko. Fitila mai reto a saman kanta tana da kyau, ana barin santimita 75 zuwa 90 tsakaninta da kantar don kada ta tare fuskar wanda ke zaune. Sai dai canza ta na buƙatar izinin mai gida da mai gyaran wuta. In hakan zai yi wuya, akwai fitilar tebur ƙarama da ake cajawa, akwai kuma siririn hasken LED mai gam da ake mannawa a ƙarƙashin leɓen kanta, ya haska fuskarta zuwa ƙasa.

Ita wannan fuskar ita ce na fi so a kula da ita, don fili ne babba da ke zaune haka kawai. Ana sayar da takardar bango mai gam da tayil na roba da ake mannawa a ɓare daga baya. Suna aiki, amma ki yi hattara. A kan tayil ko katako mai santsi suna fita lafiya. A kan fenti marar sheƙi, ko wanda bai kai wata ɗaya da shafawa ba, sukan taho da fentin. Ki manna guntu a wani lungu da ba a gani, ki bar shi mako biyu, sannan ki ɓare ki gani. Kada kuma ki kai su kusa da murhu, zafi yana narkar da gam, robar ma tana iya lanƙwashewa. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce kafinta ya yanka miki siririn filawud daidai girman fuskar kantar, ki yi masa fenti ko ki lulluɓe shi da yadi, sannan a riƙe shi da maƙalai masu gam da ake cirewa. Ke kin samu launinki, bangon mai gida kuma ko ƙwarzane bai samu ba.

Bangon da ke gefen kanta hoto ɗaya babba ya ishe shi, ya fi ƙanana shida. Maƙalan gam suna da nauyin da aka rubuta a kwalinsu, kada ki wuce shi. Ki goge wurin da sipirit don maiƙo ya fita, ki manna, ki jira awa ɗaya kafin ki rataya komai.

Yanzu ki koma ga kayan da kika kwashe. Ki samo tire ɗaya, ki zaɓi abu uku kacal masu tsayi daban-daban, ki ɗora su a ƙarshen kantar ta wajen bango. Ki fifita abin da ke da tarihi a wurinki, kamar kofin da aka ba ki kyauta ko tukunyar fulawar da kike raino, a kan abin da aka saya don cike gurbi. Sauran ki adana, ki riƙa musanyawa lokaci zuwa lokaci. Amfanin tiren shi ne idan za ki goge kanta, ɗauka ɗaya za ki yi.

Kafin ki taɓa komai ki ɗauki hoton wurin yadda kika same shi, duk abin da kika cire na gidan kuma ki sa a kwali ɗaya ki ajiye. Idan mai gida ya amince da wani canji, ki nemi ya rubuto miki ko da a saƙon waya ne. Ranar cire takardar gam kuwa, ki ɗumama ta da na'urar busar da gashi, ki ja a hankali daga kusurwa, ragowar gam ɗin ki goge da ruwan ɗumi da sabulu.