Tambaya da Amsa: Na kwafo diskin sabar, na iske kilobayit ɗaya kacal

Tambaya daga wani mai karatu a Sabon Gari, Damagaram: Salamu alaikum Malam. Ni ke kula da sabar wata lakol mai zaman kanta, a kan VMware ESXi take, wato manhaja mai tafiyar da injinan kwaikwayo (VM) a cikin inji guda, cikinta akwai Windows mai riƙe da sakamakon ɗalibai. Patron ya ce mu koma Proxmox, wata manhajar mai irin aikin ESXi, tunda kyauta ce. Na kwafo fayil ɗin vmdk, wato diskin injin Windows ɗin, a kilen USB, da na zo gida na duba sai na ga ko kilobayit biyu bai kai ba, alhali diskin giga 120 ne. Dan Allah aikin ya lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace, tikitin kaya ka ɗauko ka baro buhun a tasha. A ESXi diski guda fayil biyu ne, akwai ƙarami mai ƙarewa da .vmdk wanda rubutu ne kawai, in ka buɗe shi za ka ga layuka kaɗan masu faɗin girman diskin da sunan ɗan uwansa, sannan akwai babban mai -flat.vmdk a ƙarshe, shi ne ke ɗauke da komi. Su biyun za ka kwafo tare, kuma ka kashe injin tukuna. Kilen ma ka duba ta, in FAT32 ce ba ta karɓar fayil da ya wuce giga 4, gara ka samo diski na waje mai NTFS ko exFAT.

Amma inda na fi jin tsoro shi ne snapshot, wato hoton yadda diskin yake a wani lokaci da ake ɗauka don a iya komawa baya. Leƙa cikin jakar injin, in ka ga fayil mai lamba irin -000001.vmdk to wani ya taɓa ɗaukar snapshot, kuma tun ranar duk abin da aka rubuta can yake shiga, babban flat ɗin ya tsaya cik yadda yake a ranar. Na taɓa ganin wanda ya juya flat shi kaɗai, injin ya tashi lafiya lau har yana murna, sai da sakatariya ta buɗe rajista ta ce ina sunayen yaran bana, ashe wata takwas baya ya koma, Allah ya taimaka bai goge tsohuwar sabar ba. Don haka ka haɗe snapshot duka daga cikin ESXi kafin ka kwafi komi, ka tabbata akwai wuri a diski, kuma kar ka fara sai ondilar na da caji don aikin na daɗewa kuma ka san halin kuran a watannin zafi.

Juya diskin daga vmdk zuwa qcow2, tsarin da Proxmox ke aiki da shi, ba wuya, layi ɗaya ne: qemu-img convert -f vmdk -O qcow2 tsoho.vmdk sabo.qcow2, ƙaramin fayil ɗin za ka nuna mashi shi zai nemo babban da kansa. Daga Proxmox 8.2 da ta fito a 2024 ma akwai wurin jawo inji kai tsaye daga ESXi. qcow2 na QEMU ne, manhajar da Proxmox ke tafiyar da injina da ita, yana girma kaɗan kaɗan daidai abin da aka zuba mashi kuma yana ɗaukar snapshot, amma in ma'ajiyarka LVM-thin ce ko ZFS to Proxmox raw za ta ajiye shi, kar ka damu, ma'ajiyar ce ke yin snapshot ɗin da kanta. In Windows ta ba ka shuɗin allo ranar farko ba laifin diskin ba ne, direban VirtIO ne babu, wato wanda Windows ke buƙata don ta ga diskin da aka maƙala ta hanyar VirtIO a Proxmox, maƙala diskin a SATA ta tashi, ka saka direban sannan ka sauya. Tsohuwar sabar kuwa ka bar ta a kashe kamar sati biyu kafin ka taɓa ta.

Tambaya daga wata ɗaliba a Birni: Malam mene bambancin VHD da VHDX, malaminmu ya ce mu zaɓi ɗaya a Hyper-V.

Amsa: Ƙanwata, su biyun tsarin fayil ɗin diski ne na Hyper-V, manhajar Microsoft mai tafiyar da injinan kwaikwayo, amma ɗauki VHDX. VHD tsoho ne, Microsoft ta gaje shi daga Connectix lokacin da ta sayi Virtual PC a 2003, kuma iyakarsa kusan tera 2. VHDX ya zo da Windows Server 2012, yana kai tera 64, kuma yana da ɗan kundi a ciki inda yake rubuta canjin tsarinsa kafin ya aikata, shi ya sa in kuran ya ɗauke kwatsam bai cika lalacewa ba, wannan kaɗai ya ishe mu dalili a garin nan. In a ordinatarki kike gwaji da VirtualBox kuwa, bar shi a VDI, shi ne nata na gida.